Ina son koyon jagorancin amalanken karnuka, amma ban iya gaya wa Baba ba

Assalamu alaikum Yaya. Ni ɗan Zariya ne, ina digiri na biyu a fannin yawon buɗe ido a Rovaniemi, arewacin Finland, saura mini shekara ɗaya. A hunturun bara abokan karatu suka ja ni wata gonar karnuka, irin waɗanda ke jan amalanke a kan dusar ƙanƙara. Na bi su ne don kada a ce na cika ƙi, amma tun ranar abin ya shiga raina. Yanzu mai wata gona ya ce in zo ya horar da ni in zama jagoran baƙi. Wata huɗu ne, Disamba zuwa Maris, zai ba ni ɗaki da abinci, babu albashi, in na iya kuma baɗi ya ɗauke ni aiki. Sai dai dole in ajiye karatu na zango ɗaya. Mahaifina limamin unguwa ne, ko kare ya ratsa zaurenmu sai an wanke wurin. Na ce masa wani kamfanin yawon buɗe ido ne zai ɗauke ni, ban ambaci kare ba. Ga kuma yarinyar da aka kai wa kuɗin gaisuwa, ina tsoron danginta su ji. Ni kaina ina kokwanto ko sallata za ta yi. Yaya, in karɓa ko in haƙura?

Ɗalibi, Rovaniemi

Wa alaikumus salam ƙanena. Wannan tayin, yadda aka shimfiɗa maka shi, kada ka karɓa. Sana'ar kuwa kada ka haƙura da ita. Abu biyu ne ka haɗa su wuri guda, kuma ka ɗora duk tsoronka a kan karen, alhali shi ne mafi sauƙin warwarewa a cikin wasiƙar taka.

Mu fara da shi tunda shi ke hana ka barci. A mazhabar Malikiyya, wadda mu da iyayenmu muka tashi a kanta, duk abu mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da hawayensa da yawunsa, kuma kare na ciki. Wanke ƙwarya sau bakwai idan kare ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni kawai, ba su ce don jikin karen najasa ne ba. Shafi'awa da Hambalawa ne suka tsananta, suka ce najasa ce mai kauri, a wanke sau bakwai ɗaya da ƙasa. Hanafawa suna tsakiya, yawun ne najasa a wurinsu banda gashin. Saboda haka idan kare ya goga jikinsa a wandonka, ko ya lashi hannunka, a mazhabarmu alwalarka na nan. Mahaifinka liman ne, ya san wannan fiye da ni da kai. Wanke zauren da ake yi a gidanku ƙyama ce da al'ada, kuma tana da tushe: karen da muka sani a gida yana kwana a bola, yana cin mushe, wani sa'in yana ɗauke da ciwon hauka da ke kashe mutum. Finland ta rabu da wannan ciwo tun 1991, kuma karnukan da za ka yi aiki da su ana yi musu allura, likitan dabbobi na duba su.

Inda za ka tsaya ka yi tambaya shi ne hadisin da ya ce wanda ya riƙe kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ladansa na raguwa kullum. Malamai da yawa sun yi ƙiyasi sun shigar da gadi da sauran buƙatu na gaskiya. Ga mutanen ƙasar ƙanƙara, kare abin hawa ne tun kaka da kakanni, shi ke kai su farauta, shi ke ɗauko kaya. A 1925 karnuka ne suka kai maganin cutar mashaƙo garin Nome na Alaska, tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin kwana biyar da rabi, ana miƙa maganin daga wannan direba zuwa wancan. To shin ɗaukar 'yan yawon shaƙatawa ya shiga wannan babin? Kuma me hukuncin wanda ba shi ya mallaki karnukan ba, ma'aikaci ne kawai? Wannan ka kai wa malamin da ka amince da iliminsa, ka kuma faɗa masa aikin yadda yake. Kada ka je ka ce "Malam, ya halatta in zauna da karnuka?" don amsar da za ka samu ka riga ka san ta. Ka ce karnukan aiki ne, a waje suke kwana, ba sa shiga ɗaki, ga abin da suke yi, ga abin da zan riƙa yi.

Najasar da za ka sha fama da ita kullum ba ka ma ambace ta ba. Kashin kare da fitsarinsa najasa ne a Malikiyya ba tare da wani ja ba, kuma kwashe su shi ne rabin aikin sabon shiga. Maganinsa mai sauƙi ne: kayan aiki daban, na salla daban. Rigar sanyi ta sama da takalmi ka cire su a bakin ƙofa, ka yi salla da na ciki. Sai naman da ake ba karnukan. Yana zuwa ne a daskare, tubali-tubali, kaza da tumbin sa da kifi, kuma sau da yawa da alade a ciki. Kai za ka sare shi da gatari ka jiƙa a ruwan zafi. Safar hannu ta roba ta raba ka da wannan. Wanda ya fi duka shi ne na baƙi. A yawancin tafiye-tafiyen nan akan tsaya a wata bukka a hura wuta, jagora ya dafa shayi ko ruwan 'ya'yan itace mai zafi, ya gasa wa baƙi irin tsirensu da suke kira makkara, wanda galibinsa alade ne. Wannan ka yi maganarsa da mai gona tun kafin ka sa hannu a takarda. Wurare da yawa sun saba da baƙi Musulmi da masu ƙin nama, suna da na kaza da na ganye, kuma ana iya musanya aiki da abokin tafiya. Amma in ka yi shiru har ranar ta zo, kana tsaye gaban wuta da mutum goma suna jiranka, ba lokacin fatawa ba ne.

Sallar ma akwai abin lura. Ka san yadda ƙarshen Disamba yake a Rovaniemi, rana ta fito wajen sha ɗaya, kafin ɗaya da rabi ta faɗi. Azahar da la'asar da magariba duk sun cunkushe a tsakiyar yini, daidai lokacin da kake kan hanya da baƙi. Duk tsarin da jama'ar Musulmin garin ke bi na lokuta, ka zauna da malaminsu ka fahimci sauƙin da ke cikinsa, da hukuncin haɗa salla, da shafa a kan huffi. Mutum ba ya cire takalmi ya zuba wa ƙafa ruwa a sanyin digiri 25 ƙasa da sifili sai in ya gaji da yatsunsa. Azumi kuma a shekarun nan yana faɗowa a watannin sanyi. Yinin gajere ne, amma a tsakiyar kakar aiki yake, kuma aikin na ƙarfi ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce kada ka karɓa. Ka san yaron shago a Kantin Kwari. Yana yi wa ubangida hidima shekaru, ba albashi, ci da sha da sutura kawai, amma kowa a layin ya san ranar sallama na zuwa, za a ba shi jari, kuma ubangidan da ya ƙi sallamar yaronsa ya ji kunya a kasuwa. Tsarin da aka yi maka tayi ya ɗauki rabin farko ya bar na biyu. Watan Afrilu na kamawa dusar ƙanƙara ta fara narkewa, baƙi sun ɗauke ƙafa, a yi maka godiya da runguma, ka tattara jakarka. Baɗi kuma wani saurayi daga Jamus ko Faransa ya rubuto yana roƙon a bar shi ya yi kyauta don yana son karnuka. Me zai sa a biya ka? Wannan ɗabi'a ta daɗe a harkar, daga Lapland, yankin arewa da Rovaniemi ke ciki, har Alaska, kuma masu sa ido kan haƙƙin ma'aikata a Finland ba sa kallonta da kyau. Kamfanin da ke karɓar kuɗin baƙi, in ya sa mutum aikin da ma'aikaci ke yi, a lokutan da ya tsara masa, to ma'aikaci ne ko da an kira shi ɗan sa-kai. Finland ba ta da mafi ƙarancin albashi na doka guda ɗaya, yarjejeniyar ƙungiyoyin ƙwadago ce ke tsayar da shi sana'a-sana'a, kuma wannan fanni na ƙarƙashin ƙungiyar PAM. Kira su ko ka rubuta musu, ka faɗi tayin yadda yake, ka ji abin da za su ce.

Disamba zuwa Maris ba lokacin horo ba ne ma. Lokacin girbi ne. A Disamba jirage ke sauke masu zuwa hutun Kirsimeti a Rovaniemi, amalanke na fita na dawowa tun asuba har dare, ba wanda ke da sararin tsayawa ya koya maka komai. Hannu ake nema. Horo na gaskiya a kaka ake yinsa, daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba, lokacin da iska ta yi sanyi har karnuka za su iya gudu ba zafi ya illata su ba. A lokacin ake ɗaura su a gaban babur mai ƙafa huɗu, a fara da 'yan kilomitoci kaɗan ana ƙarawa, a gwada matasan karnuka a gurabe daban-daban a ga wa zai iya gaba. Wanda ya yi kaka da su, in hunturu ya zo ya san kowane da sunansa da halinsa. Wanda aka kawo ranar ɗaya ga Disamba shebur za a miƙa masa.

Ga kuma takardunka. Izinin zamanka na karatu ne, kuma Migri, hukumar shige da fice ta Finland, na bibiyar ko karatun na tafiya. In kana kan tallafin kuɗin makaranta, galibi an ɗaure shi da yawan darussan da za ka ci a shekara. Ajiye zango ɗaya na iya jawo maka asarar tallafin, ya kuma sa sabunta izini ya yi wuya. Ɗan ƙasar Jamus ɗin da na ambata in ya ɓata hunturu guda ya koma gida abinsa, ya dawo duk ranar da ya so. Kai in ka zame, sai ofishin jakadanci da dogon layi. Sannan in ba kwantiragi, wa zai ɗauki nauyinka ranar da amalanke ya kife ya karya maka ƙafa, ko karnuka biyu suka kaure ka sa hannu ka raba? Mai ɗaukar ma'aikaci dole ne ya yi masa inshorar haɗari. Ɗan sa-kai sai abin da Allah ya yi.

Abin daɗin shi ne ba ka buƙatar wannan hanyar ko kaɗan, don kana da abin da sauran ba su da shi. Dokar ɗalibai tun 2022 ta ba ka damar aiki awa 30 a mako idan aka daidaita a shekara, ka ga kana iya yin fiye a hutu ka rage lokacin karatu. Aikin sanin makamar aiki da makaranta ta amince da shi a matsayin ɓangaren digiri kuma ba ya cikin wannan lissafi. Kai yawon buɗe ido kake karantawa. Je ka ga malamin da ke kula da kai, ka ce kana son yin sanin makamar aikinka a gonar karnuka, ko ma ka rubuta kundin kammalawarka a kan harkar. Sai a yi takarda tsakanin makaranta da gona da kai, da sa hannu uku. Ka koyi sana'a, karatu bai tsaya ba, Migri ba ta da abin cewa. Bayan ka gama kuma akwai izinin neman aiki na shekara biyu. A lokacin in ka ga dama ka tare a gona gaba ɗaya, da digiri a aljihu.

Ka ce abin ya shiga ranka daga hawa ɗaya. Na yarda da kai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan amalanke ya ji yadda haushin karnuka hamsin ke ɗaukewa ɗif da zarar an cire ƙugiyar da ke riƙe amalanke a ƙanƙara, ba abin da ya rage sai numfashinsu da sautin katako a kan ƙanƙara, ya san me kake nufi. Amma baƙo awa ɗaya yake gani a cikin yini mai awa goma sha biyu. Sauran ga yadda suke. Ka tashi cikin duhu, fitila a goshi. Ka dama romon nama mai ruwa-ruwa ka bi gida-gida, domin waɗannan karnukan ba su cika shan ruwa zalla ba a hunturu, sai an yaudare su da ƙanshin nama, kuma dole su sha awanni kafin gudu. Ka ɗauki shebur da bokiti. Kashin ya daskare ya manne da ƙasa, sai ka sassare shi. Ka duba ciyawar da suke kwana a kai ko ta jiƙe. Sannan a fara sa kayan ja. Kare mai kilo 25 yana tsalle yana ihu don ɗoki, kai kuma ka matse shi tsakanin gwiwoyinka, ka zura masa ɗamara ta kai, ka ɗaga ƙafar dama ka sa, ka ɗaga ta hagu. Maƙallin ƙarfen da za ka haɗa shi da igiya ya daskare ya ƙi buɗewa. Da safar hannu ba ka iya matsa shi, sai ka cire, ka dumtse shi a tafin hannu ko ka hura masa iska har ya saki. Haka za ka yi wa kare talatin ko arba'in kafin motar baƙi ta iso, kuma ka tare su da fara'a kamar yanzu ka tashi daga barci.

Ilimin sana'ar a ido yake. Babu linzami, babu bulala, murya ce kawai tsakaninka da karnukan gaba, su ke jin dama da hagu da tsaya. Na bayansu na taimaka musu karya kwana, na tsakiya su ne ƙarfin tafiya, na dab da amalanke kuma su ne ƙarfafa masu ɗaukar nauyin fizga. Kowane kare na da 'yar igiyarsa da ta haɗa shi da babbar igiyar tsakiya. Ita za ka riƙa kallo. In ta yi sako-sako, karen ya daina ja, sai ka tambayi kanka me ya sa: gajiya ce, ko ƙanƙara ta dunƙule tsakanin yatsunsa, ko wuyan ƙafa ya fara ciwo, ko dai ba ya shiri da wanda aka haɗa shi da shi? Wanda ya ƙware yana hango ɗingishi tun kafin ya zama ɗingishi, ya tsaya, ya sa wa kare 'yar safar ƙafa, ko ya ɗauke shi ya sa a buhun amalanke. Za ka koyi wace karya ce ke lokacin barbara don kada a jera ta da maza, wane ne ke tauna igiya, wane ne ke tsoron baƙi. Wannan ba a samunsa a wata huɗu. Masu gaskiya a harkar kan ce sai ka yi hunturu guda kana hidima kafin a ba ka baƙi, kuma ni ina ganin sun yi daidai.

Amma in gaya maka, karnuka ba su ne wahalar jagora ba. Mutane ne. Akan ba kowane mutum biyu amalanke ɗaya da kare huɗu zuwa shida, ɗaya na zaune ɗaya na tuƙi. Kana da minti goma ka koya wa wanda bai taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, wataƙila ma ba ya jin Turanci sosai, yadda zai taka birki a gangara, ya bar tazara tsakaninsa da na gaba, ya sauka ya tura a hawa. Doka ta farko da za ka nanata har su gaji: ko ka faɗi kada ka saki amalanke. Karnuka ba sa tsayawa don direba ya faɗi, gaba za su yi abinsu. Kuma a kwanar farko sai ka waiwaya ka ga wani ya saki hannu biyu yana ɗaukar kansa hoto. Wata ta sa yaronta a gaba yana kuka don yatsunsa sun ƙage, wani ya sha giya tun safe yana rantsuwa bai sha ba. Kai ne za ka hana shi tuƙi, cikin ladabi, ba tare da ka ja baya ba. A nan nake ganin kana da jari. Yaron da ya tashi a gidan liman, ya saba da shimfiɗa wa baƙo tabarma, ya san yadda ake ce wa babba a'a ba a ci masa fuska ba, ya riga 'yan Turai da yawa nisa a wannan fanni.

Takardun da za su sa a ɗauke ka da muhimmanci ba su da yawa, kuma duk kana iya yinsu kana karatu. Kwas ɗin agajin gaggawa na Red Cross ta Finland, mataki na ɗaya da na biyu. Shaidar tsaftar abinci da suke kira hygieniapassi, tunda za ka ba mutane abinci. Lasin tuƙi da ke aiki a ƙasar, don jagora na tuƙa motar baƙi da babur ɗin ƙanƙara. Yaren Finland gwargwadon iko, ko don ka iya magana da makiyayan barewar rendiya, waɗanda hanyoyinku ke ratsa makiyayarsu. Kare ɗaya ya kuɓuce ya kori garkensu, rigima ce babba da biyan diyya. In kuma bayan digiri ka ga nan za ka dawwama, akwai kwas ɗin jagoran daji da ake yi da Turanci a Kuru, ƙarƙashin kwalejin Tredu, a Norway kuma makarantar Alta folkehøgskole na da sashen tuƙin karnuka na shekara guda. Garin Alta ɗin ne mafarin tseren Finnmarksløpet mai kilomita 1,200, mafi tsawo a Turai, kuma masu shiga irin wannan tsere kullum suna neman mataimaka. Wurinsu ake koyon kula da kare na haƙiƙa.

Kada kowa ya ce maka baƙar fata ba ta wannan aiki. Matthew Henson, baƙar fatar Amurka, shi ne gwanin tuƙin karnuka a tafiyar Robert Peary zuwa ƙuryar arewacin duniya a 1909, kuma a wurin mutanen Inuit, 'yan asalin ƙasar ƙanƙarar can, ya koya, har yarensu yana ji. Newton Marshall daga Jamaika ya kammala babban tseren karnuka na Yukon Quest a 2009, ya kammala na Iditarod a Alaska a 2010. Sai dai kada ka yi jarumta da sanyi. Likitocin sojan Birtaniya sun lura cewa sojojinsu 'yan asalin Afirka sun fi saurin samun illar sanyi a hannu da ƙafa, kuma a fatarmu alamar farko ba ta fitowa fili kamar yadda take fari tas a fatar Bature. Saboda haka kada ka jira ka gani, in yatsa ya daina ciwo ya mutu mururus, tsaya ka ɗumama shi nan take. Auduga kada ta taɓa jikinka a wurin aiki, tana shan gumi ta riƙe, gumin kuma shi ke daskarar da mutum. Ulu a ciki, ulu a tsakiya, mai tare iska a waje, takalmi ya fi ƙafarka girma. Ka kuma tambayi likitan makaranta maganar bitamin D.

Duk gonar da za ka shiga, ka zagaya ta tukuna. Dubi haƙarƙarin karnukan, dubi ko suna zuwa wurin mai gonar da murna ko suna noƙewa. Ka tambaye shi tambaya ɗaya: ina tsofaffin karnukanka? In ya nuna maka su suna kwance a rana, ko ya ce ga gidajen da suka karɓe su, madalla. In ya fara kame-kame, ka gane. A Whistler ta Kanada, bayan wasannin Olympics na 2010 kasuwa ta faɗi, aka kashe karnuka da dama aka binne a rami guda, abin da ya sa lardin ya tsaurara dokarsa. Mu da aka gaya mana an gafarta wa mutum don ya shayar da kare mai ƙishi, bai kamata mu ci abinci a inda ake zaluntar su ba.

Saura Baba. Abin da ka gaya masa ba ƙarya ce zalla ba, amma kai ma ka san me ka yi, shi ya sa ka rubuto. Kuma ba zai ɓoyu ba. Kowane baƙo da waya a hannunsa yake zuwa, gonar kanta za ta sa hotonka a Instagram, kuma jagora baƙar fata a Lapland ba ya ɓacewa a cikin taro. Wata rana wani ɗan unguwarku zai tura wa wani, kafin la'asar hoton na hannun masu zama a ƙofar masallaci: ɗan liman rungume da kare. Abin da zai ƙona masa rai a ranar shi ne a bakin mutane ya ji. Ka riga su. Kira shi a lokacin da ka san yana da natsuwa, ka gaishe shi yadda ka saba, ka ce Baba akwai maganar da na rage ban cika maka ba, ina neman afuwa. Sannan ka kawo masa ita a matsayin tambaya, tunda fagensa ne: ga aikin, ga yadda karnukan suke, ga yadda zan tsare tsarkina da sallata, me Malikiyya ta ce? Malami in ka zo masa da mas'ala yakan buɗe littafi, in ka zo masa da abin da ka riga ka yanke sai ya tsaya a kan girmansa. Tura masa bidiyon karnukan suna aiki, ba wanda suke lasar fuskar mutane ba. In akwai kawu ko aminin da yake jin maganarsa, fara da shi. Ka tuna masa cewa mafarautan ƙasarmu da karnukansu suke fita, ba wanda ya hana su sahun gaba.

Zai iya cewa a'a. In ya ce, kada ka yi musu a wayar, ka ce ka ji, ka bar maganar ta kwana biyu. Ka ga wani amfanin bin ta hanyar makaranta ke nan: "wani ɓangare ne na karatuna, wata uku ne" ya fi sauƙin haɗiya a kan "na ajiye karatu na koma kiwon karnuka". In kuma bayan duk wannan ya tsaya a kan bakansa, to kamfanonin nan suna da jagororin babur ɗin ƙanƙara, da masu kai baƙi kallon hasken samaniya da dare, da masu tsara tafiye-tafiye a ofis. Ba ka rasa Lapland ba, kuma ni ba zan ba ka shawarar ka sayi hawan amalanke da fushin mahaifi ba.

Ita kuwa yarinyar, ita za ka fara gaya wa, yau ma in ya yiwu, kafin Baba. In aure ya tabbata ita ce za ta zauna a ƙauyen da ke da nisan awa guda daga kanti, cikin duhun Disamba, da mijin da ke dawowa yana ƙanshin kifi da kare, da albashin da ke zuwa wata biyar ya ɗauke. Tana da haƙƙin ta san wannan tun yanzu, ta faɗi nata. Danginta kuma ba aikinka ba ne ka bi su ɗaya-ɗaya, manya ne za su yi wannan in lokaci ya yi.

Shi mai gonar, rubuta masa a makon nan. Ka gode masa, ka ce kana so ƙwarai, amma ba za ka iya ajiye karatu ba. Ka nemi ɗayan biyu: ko sanin makamar aiki da takardar makaranta wanda zai fara tun kaka, ko aikin Asabar da Lahadi da hutun Disamba a kan kwantiragi da albashin yarjejeniya. Ka tambaye shi awa nawa ne a yini, ranar hutu nawa a mako, wa ke ba da kayan sanyi, wa ya yi inshora. In ya amsa a rubuce, je ka. In ya ce a nan ba a yin haka, akwai gonaki da yawa tsakanin Rovaniemi da Levi da Inari, kuma kowace Nuwamba suna neman mutum.